An Yi Zane a Denmak, An Yi Jana'iza a Maiduguri da Anacha

A ƙarshen watan Fabrairun 2006 ina koyarwa a wata makarantar sakandare a nan Jos. Ranar wata Juma'a, tun kafin ƙarfe goma sha ɗaya na safe, iyaye suka fara zuwa suna kwashe 'ya'yansu, masu shaguna a kan titin Bauchi suna ja da ƙofofi, kowa yana duban kowa ta gefen ido. Wani abokin aikina Kirista, mutumin Fankshin, wanda ya girme ni da kusan shekara ashirin, ya tsaya a bakin ofishin malamai da jakarsa a hannu ya ce da ni: "Malam, ka gaya mini gaskiya, in bi ta Farin Gada ko in zaga?" Na ce masa: "Baba, ka zaga, Allah Ya kai ka gida lafiya." Na sha tuna wannan tambaya tasa. Dattijon bai taɓa ganin ƙasar Denmak ba, bai san sunan jaridar da ta yi ɓatancin ba, kuma na tabbata da a ce an nuna masa zanen da sai ya tsine wa wanda ya yi shi, amma ga shi yana lissafin hanyar da zai bi ya isa wurin iyalinsa da rai saboda abin da wani ya zana a can ƙarshen arewacin Turai.

Abin da ya faru sananne ne. Ranar 30 ga Satumban 2005 jaridar Jyllands-Posten ta ƙasar Denmak ta buga zane goma sha biyu da ta ce na Manzon Allah ne, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma mafi muni a cikinsu shi ne wanda aka mayar da rawani bam mai lagwani a kunne. Editan da ya nemi a yi zanen, Flemming Rose, ya ce gwaji yake yi don ya ga ko tsoron Musulmi ya sa masu zane sun fara kame hannunsu. Wata huɗu da rabi bayan haka, ranar 18 ga Fabrairun 2006, zanga-zanga a Maiduguri ta rikiɗe ta zama ƙone majami'u da kisan Kiristoci, har da wani limamin Katolika. Cikin kwana uku aka ɗauki fansa a Anacha, aka bi Hausawa 'yan tireda da masu facin takalmi da 'yan dako ana karkashewa, aka ƙone masallatai, waɗanda suka tsira suka fake a barikin soja ko suka tsallake gadar Neja zuwa Asaba. Rayukan da aka rasa a Najeriya a wannan mako sun haura ɗari.

Kafin in faɗi abin da ke damuna game da mu kanmu, dole in fara da faɗin cewa fushin Musulmi a kan irin wannan ɓatanci fushi ne na gaskiya, kuma ba na cikin masu ganin ya kamata mu ji kunyarsa. Wanda bai tashi a cikinmu ba da wuya ya gane matsayin Annabi a rayuwar Bahaushe Musulmi. Da sunansa ake raɗa wa ɗan fari suna, da salatinsa ake kwantar da mai kuka, idan rigima ta kaure a kasuwa dattijo yakan ce a yi wa Annabi salati sai ka ga murya ta sauka, mai roƙo kuma idan ya ce "don darajar Annabi" ya san ya taɓa inda ba a iya ƙi. Hadisi ingantacce ya ce imanin mutum ba ya cika sai Annabi ya fi soyuwa a gare shi a kan mahaifinsa da ɗansa da mutane baki ɗaya. Mu ba ma zana shi ko da don girmamawa, kuma ba ma zana Annabi Isa ko Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare su, balle mu yi musu ba'a. Saboda haka idan Bature ya ce mana zane ne kawai, tawada ce a kan takarda, to bai fahimci abin da ya taɓa ba, ko kuwa ya fahimta sarai kuma saboda haka ne ma ya taɓa. Zanen rawani mai bam ma ya wuce batun Annabi shi kaɗai, domin saƙon da yake isarwa ga mai karatu shi ne ta'addanci daga tushen addinin ya fito, wato duk wani Musulmi direban tasi ko ma'aikacin jinya da ke zaune a Denmak abin zargi ne.

Amsar da muka saba ji daga Turai ita ce 'yancin faɗin albarkacin baki abu ne da suka saya da tsada, ba kuma za su sarayar da shi don wani ya ji haushi ba. Akwai gaskiya a cikin wannan, kuma adalci ne a faɗe ta. Sun yi ƙarnoni coci tana ƙone mutane da rai saboda ra'ayi, sun yi yaƙe-yaƙen addini tsakanin Katolika da Furotesta, Faransa kuwa sai a 1905 ta raba coci da gwamnati a dokance. Wannan tarihi ne ya koya musu ganin ba'a ga malaman addini a matsayin makamin talaka. Ba kuma Musulunci kaɗai suke yi wa ba, mujallar barkwanci ta Faransa, Charlie Hebdo, ta sha zana Fafaroma da Annabi Isa a siffofin da babu Kiristan Jos ɗin da zai iya kallonsu.

Inda na rabu da su shi ne iƙirarin cewa wannan 'yanci ba shi da iyaka, domin dokokinsu da kansu sun ƙaryata hakan. Ranar 20 ga Fabrairun 2006, kwana biyu tak bayan tarzomar Maiduguri, wata kotu a Ostiriya ta yanke wa Baturen Ingila David Irving ɗaurin shekara uku saboda ya musanta kisan kiyashin da 'yan Nazi suka yi wa Yahudawa. Faransa tana da irin wannan doka tun 1990, Jamus ma tana da tata. A Faransa, wulaƙanta tutar ƙasa ko taken ƙasa a taron jama'a laifi ne mai tarar Yuro 7,500. Ita kanta Charlie Hebdo a 2008 ta kori tsohon mai zanenta Siné saboda wani rubutu da ya yi a kan ɗan shugaba Sarkozy wanda aka ce yana ɗauke da ƙin jinin Yahudawa. Jyllands-Posten kuwa, a 2003 wani mai zane ya kai mata zanen barkwanci a kan tashin Annabi Isa kamar yadda Kiristoci suka yi imani da shi, editan ya mayar masa da cewa masu karatu ba za su ji daɗi ba, zai tayar da ƙura. Ashe dai an san ana iya kame hannu don gudun ɓata ran mai karatu, sai dai ya danganta da wane ne mai karatun.

Lauyoyinsu suna da amsa, kuma na san ta. Sukan ce doka tana kare mutane ne daga cin mutunci saboda jinsinsu ko asalinsu, amma ba ta kare aƙida ko ra'ayi daga suka. A takarda wannan rabe-rabe yana da kyau. A zahiri kuwa mutane ne suke shata layin, kuma kowace al'umma takan shata shi daidai inda nata mikin yake. Turai ta ga abin da zanen barkwancin Yahudu mai dogon hanci ya share wa hanya a shekarun 1930, ta rantse ba za ta sake bari ba, kuma ni ina goyon bayan wannan rantsuwa ɗari bisa ɗari. Tambayata kawai ita ce me ya sa darasin bai kai ga tsirarun da ke zaune a cikinsu yau ba, waɗanda yawancinsu 'ya'yan baƙi ne da 'yan gudun hijira, marasa jarida, marasa rinjaye a majalisa. Ba'ar da mai rauni ke yi wa mai ƙarfi daban take da wadda mai gida ke yi wa baƙon da ke raɓe a zaurensa. Ko a watan Oktoban 2005, lokacin da jakadun ƙasashen Musulmi goma sha ɗaya suka nemi ganawa da firaministan Denmak Anders Fogh Rasmussen a kan zanen, ƙin ganinsu ya yi, alhali a lokacin ba a ƙone ko tuta ɗaya ba. Amurka ce kaɗai zan iya cewa ta fi tsayawa a kan magana ɗaya, domin a can kotun ƙoli tun 1989 ta ce ko tutar ƙasar mutum yana da damar ƙonawa. Ita kuwa Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai a 2018 ta tabbatar da tarar da Ostiriya ta ci wata mata da ta ci mutuncin Annabi, abin da ke nuna cewa ko a tsakaninsu ba a gama muhawarar ba.

To, duk wannan na faɗe shi, kuma zan sake faɗinsa a gaban kowane Bature. Amma ni mutumin Jos ne. Na ga Satumban 2001, lokacin da aka kashe kimanin mutum dubu cikin mako guda, na ga Nuwamban 2008, na ga Janairun 2010. Na ga yadda garin da Bahaushe da Birom da Ibo da Bayarabe suke haya a gida ɗaya ya tsage gida biyu, har ya zama akwai unguwannin da ɗan Unguwar Rogo ba ya shiga da dare, akwai kuma waɗanda ɗan Unguwar Rukuba ba ya takawa. Wanda ya ga wannan ba shi da ikon yin magana a kan fushi ba tare da ya tambayi kan wa fushin yake sauka ba. Kuma amsar a ƙasarmu kusan kullum ɗaya ce: a kan maƙwabci. A Nuwamban 2002 wata 'yar jarida ta rubuta jimlar ɓatanci a ThisDay game da gasar sarauniyar kyau ta duniya, jaridar ta nemi gafara, aka mayar da gasar daga Abuja zuwa Landan, amma sama da mutum ɗari biyu suka mutu a Kaduna, Musulmi da Kirista, babu ko ɗaya daga cikinsu da ya riƙe alƙalamin. A Janairun 2015, bayan Charlie Hebdo ta sake buga zane, mutum goma suka mutu a Damagaram da Yamai, aka ƙone majami'u da dama na Kiristocin Nijar, waɗanda yawancinsu talakawa ne masu jin Hausa da Zabarmanci kamar masu ƙone su.

Ina neman wanda zai nuna mini a wane littafi aka halatta wannan. Alƙur'ani ya ce wani rai ba ya ɗaukar laifin wani. A Suratul Ma'ida ya ce kada ƙiyayyar wasu mutane ta sa ku ƙi yin adalci. A Suratul Hajji ya ambaci majami'u da wuraren ibadar Yahudu tare da masallatai a cikin wuraren da Allah Yake karewa daga rushewa. Game da izgili kansa, umarnin da ya zo a Suratun Nisa'i shi ne idan kun ji ana yi wa ayoyin Allah izgili kada ku zauna tare da masu yi har sai sun shiga wani zance, a Suratul Hijri kuma Allah Ya gaya wa Manzonsa cewa Shi Ya isar masa daga masu izgili. An zagi Annabi a gabansa a Makka, Kuraishawa suka juya sunansa suna ce masa Muzammam, wato abin zargi, sai ya ce wa sahabbansa su dubi yadda Allah Ya kawar masa da zaginsu, suna zagin Muzammam shi kuwa Muhammadu ne. Na san malamanmu na Malikiyya sun yi magana mai tsauri a kan hukuncin wanda ya zagi Annabi, ba kuma ina ɓoye wannan ba ne. Sai dai hukunci a wurinsu aikin alƙali ne da shugaba, bayan tuhuma da shaidu da sauraren wanda ake zargi, kuma a kan mai laifin shi kaɗai. Babu malamin kirki da ya taɓa miƙa wannan aiki ga taron matasa masu gora da galan ɗin fetur.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wannan ɗabi'a ta bar kan Turawa ta dawo cikin gida. A watan Mayun 2022 ɗalibai suka kashe 'yar ajinsu Kirista a kwalejin ilimi ta Sakkwato bisa zargin ɓatanci a wani saƙon murya, suka ƙone gawarta, suka ɗauki bidiyo, kuma Mai Alfarma Sarkin Musulmi ya yi tir da kisan. A watan da ya biyo baya aka ƙone wani ɗan sintiri a Lugbe da ke Abuja bayan wata gardama, shi kuwa Musulmi ne. A 2023 aka jefe wani mahauci a Sakkwato, shi ma Musulmi. Yanzu ya zama duk mai jin haushin abokin ciniki ko abokin gardama ya san kalma ɗaya da zai ɗaga murya ya faɗa a kasuwa a gama masa aiki. Najeriya tana da dokokin da suka haramta cin mutuncin addini, a kundin hukunta laifuka na Arewa da na Kudu duka, ga kotunan shari'a a jihohi goma sha biyu, saboda haka ba rashin doka ne ya kawo wannan ba. Rashin hukunta masu ɗaukar doka a hannu ne, da kuma shirun wasu masu hawa mumbari waɗanda suka san gaskiya amma suna tsoron a ce ba sa kishin Annabi.

Kuma ko ta fuskar riba da asara aka duba, tashin hankali bai taɓa rage ɓatanci ba. Kafin harin da aka kai ofishinta a Faris ranar 7 ga Janairun 2015, wanda aka kashe mutum goma sha biyu a cikinsa har da wani ɗan sanda Musulmi ɗan asalin Aljeriya, Charlie Hebdo ƙaramar mujalla ce mai fama da bashi wadda ke buga kwafi kimanin dubu sittin. Fitowar da ta biyo bayan harin an buga sama da kwafi miliyan bakwai, aka fassara ta zuwa harsuna da dama. Maharan da suka ce suna rama wa Annabi su ne suka kai zanen gidajen da ba zai taɓa shiga ba. Haka muke yi mu ma a ƙaramin mataki duk lokacin da wani ya tura hoton ɓatanci a WhatsApp ko Facebook yana cewa a yaɗa don Musulmi su gani. Mai ƙone Alƙur'ani a Istokhom, babban birnin Suwidin, ba ya neman komai sai wannan, ya kunna ashana ɗaya a gaban kyamara mu kuma mu ɗauke ta mu zaga da ita duniya.

A makon da aka kai harin Faris ne Boko Haram ta afka wa Baga ta kashe ɗaruruwan mutane, yawancinsu Musulmi. Shugabannin duniya suka yi jerin gwano a Faris, Baga kuwa aka yi kamar ba a ji ba, kuma wanda ya fito ya gaya wa Turawa wannan a fili shi ne Akbishop Ignatius Kaigama, wanda a lokacin yake jagorantar Katolikan Jos. Mu fa? Mutanen da suka tayar da bam a babban masallacin Kano a Nuwamban 2014, suka kashe sama da mutum ɗari a kasuwar Taminus a Mayun wannan shekarar, suka kai hari masallacin 'Yan Taya ana tsakiyar tafsirin azumi a Yulin 2015, duk suna ɗaga tuta mai ɗauke da sunan Annabi ne. Babu mai zanen da ya ɓata wannan suna a idon duniya kamar yadda suka ɓata shi, amma ban ga mun cika tituna a kansu kamar yadda muka cika a kan Denmak ba.

Abin da ya taɓa yin tasiri a wannan rigima an san shi. Lokacin da mutanen ƙasashen Larabawa suka daina sayen madara da man shanun Denmak a Janairun 2006, kamfanin Arla ya ga cinikinsa a yankin ya tsaya cak, kuma ranar 30 ga wannan wata Jyllands-Posten ta fito ta ba da haƙuri a kan ɓata wa Musulmi rai. A lura da kwanan watan: kusan mako uku ke nan kafin a zubar da jini a Maiduguri. A 2010 wata jaridar Denmak, Politiken, ta nemi gafara bayan wani lauya daga Saudiyya ya tunkare ta a madadin zuriyar Annabi. Bayan ƙone-ƙonen Alƙur'ani na 2023, ƙasashen Musulmi suka kai ƙudiri Majalisar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ya wuce da ƙuri'a 28 a kan 12. A Disambar wannan shekarar majalisar Denmak, ƙasar da ta soke dokar saɓo a 2017, ta kafa dokar da ta haramta wulaƙanta littattafan addini a bainar jama'a, da hukuncin da zai iya kai ɗaurin shekara biyu. Gaskiya ne gwamnatinsu ta ambaci tsaro a cikin dalilanta, amma matsin jakadu da na kasuwa ne ya sa batun ya ƙi sauka daga teburinsu.

A wannan fage Kiristan Najeriya abokin tafiyarmu ne, da za mu daina mayar da shi abin huce haushi. Shi ma ba ya yarda a yi wa Yesu ba'a, shi ma yana kallon abin da Turai ta zama da mamaki. Fadar Fafaroma a Fabrairun 2006 ta ce 'yancin magana bai haɗa da cin zarafin abin da masu imani suke girmamawa ba, Fafaroma Faransis ma ya maimaita irin wannan a 2015. Saboda haka roƙona ga limamanmu na Jos, na Izala da na Ɗariƙa baki ɗaya, shi ne ranar da irin wannan ta sake faruwa, kuma za ta sake, huɗubar Juma'a ta faɗi abu biyu a numfashi ɗaya: an yi mana laifi, kuma jinin maƙwabcinmu da shagonsa da majami'arsa haramun ne a kanmu. Sannan shugabannin Jama'atu Nasril Islam da na Ƙungiyar Kiristocin Najeriya reshen Filato su rubuta takarda ɗaya, su sa hannu tare, su shiga mota ɗaya su bi ta Akwanga zuwa Abuja, su miƙa ta hannu da hannu a ofishin jakadancin ƙasar da abin ya fito, yara kuma su ƙarasa darasinsu na ranar a aji.